Ra'ayinmu: Ruwa Ba Ya Tsami Banza

Jama'a masu karatu, musamman uwayenmu da ƴan'uwanmu mata na kasuwa, yau za mu taɓo maganar da ba a saba yi a bainar jama'a ba, don haka muna neman afuwa tun daga farko ga duk wanda zai ji nauyinta. Maganar jini ce, jinin da ke zo wa mace ba a lokacinsa ba, ko ya zo ba yadda ta san shi ba, bayan ta sadu da namiji ba tare da wata kariya ba. Mun san ana yin wannan zance a rumfunan Kasuwar Dole ta Damagaram, da babbar kasuwar Maraɗi, da ta Tawa, da Katako a Yamai. Amma a kunne ake raɗa shi, tsakanin mace da aminiyarta, kuma galibi inda yake ƙarewa shi ne gaban tiren mai tallar magani. Mu dai muna ganin lokaci ya yi da za a fito da shi fili, domin abin da ke cikinsa rai ne.

Bari mu ɗauki misali irin wanda kowace unguwa ta san kamarsa. Mai gida ya yi wata 4 yana fatauci tsakanin Lome da Kano, ko yana ci-rani a Agadas, ya dawo gida. Matarsa mai sayar da kayan miya ce, tana da goyo ɗan shekara guda, ba ta shan komai na tazarar haihuwa tunda mijin ba ya gari. Ranar da take jiran al'ada ta zo ta wuce, har aka yi kwana 10 shiru, hankalinta ya tashi domin tana gudun rurrutsa, ga yaro bai ko fara tafiya ba. Sai wata safiya ta ga jini kaɗan, baƙi-baƙi, tsinkakke kamar an sirka shi da ruwa. Ta yi hamdala, ta ce ashe ba ciki ba ne, ta gyara ɗaurin zanenta ta koma rumfa. Mararta tana ɗan suka ta gefe guda, ta haɗiyi farasitamol ta ci gaba da ciniki. Bayan kwanaki kaɗan, da tsakar rana, tana miƙa wa mai saye canji sai jiri ya kwashe ta, ta faɗi a kan buhun albasa.

Abin da ya faru a jikinta likitoci sun san shi sarai. Ƙwan mace yana haɗuwa da maniyyi ne a cikin wata siririyar hanya da ke tsakanin ma'ajiyar ƙwai da mahaifa, daga nan ya gangara mahaifa ya zauna. Wani lokaci ba ya ƙarasawa, sai ya laƙe a cikin hanyar ya fara girma a can. Wannan shi ne ciki a wajen mahaifa, kuma yana samun ciki 1 zuwa 2 cikin 100. Hanyar nan ba ta da faɗin da za ta ɗauki ɗa, saboda haka in ya kai ƴan makonni sai ta fashe, jini ya riƙa zuba cikin cikin mace inda ido ba ya gani. Ɗan jinin da ya fito waje, wanda ta yi wa hamdala, shi ne gargaɗin. Da ta je likita a ranar aka auna fitsarinta aka yi mata eko, da an gane tun hanyar ba ta fashe ba. Bayan ta fashe kuwa sai tiyata ta gaggawa da ƙarin jini, in an yi sa'a an isa asibiti da rai.

To, abin da muke son kowace mace ta riƙe shi ne, ganin jini ba ya nufin babu ciki. Mata da yawa suna ganin jini a farkon ciki, wasu cikin ya zauna lafiya har su haihu, wasu kuma mafarin ɓari ne. Haka nan akwai jinin da ba shi da wata illa: mai yin allurar wata 3 ko wadda aka sa wa ashana a dantse ta san al'adarta takan rikice, ta yi ɗigo-ɗigo ko ta ɗauke gaba ɗaya, kuma mai goyo ma takan ga haka. Akwai kuma jinin da ciwon sanyi ke kawowa in ya kama bakin mahaifa, wanda yakan fito tsakanin al'ada da al'ada ko bayan saduwa. Akwai na sankarar bakin mahaifa, wadda takan fara nuna kanta da jini bayan saduwa, ko jini ga dattijuwar da al'ada ta riga ta ɗauke mata. Duk waɗannan a kan ƙunzugu kamanninsu ɗaya. Ungozomar unguwa ba za ta iya rarrabe su da ido ba, aminiya ba za ta iya ba, mu ma masu rubutu ba za mu iya ba. Awo ne kaɗai ke rarrabewa.

Mun san mata da yawa, in jini ya rikice musu, wurin malam suke fara aikawa, ko su tambayi malamar islamiyya, domin su san ko za su yi salla ko azumi. Wannan daidai ne, kuma littattafan fiƙihu irin su Ahalari da Risala sun yi bayanin haila da jinin ciwo dalla-dalla, har da cewa haila ba ta wuce kwana 15. Amma a lura, malam ya amsa tambayar salla ne, tambayar lafiya tana nan ba a amsa ta ba. Hasali ma, a mazhabar Malikiyya da mafi yawan mutanen ƙasar nan ke bi, malamai sun faɗa tun da daɗewa cewa mai ciki tana iya ganin jini. Ke nan ko a wajen magabata jini bai taɓa zama shaidar rashin ciki ba. Haka kuma maganar nan da tsofaffi kan yi cewa ciki ya kwanta, a ba shi lokaci zai tashi, muna roƙon kada a faɗa wa macen da ke zubar da jini ita kafin a kai ta awo. Sau da yawa abin da ake kira kwantacce ɓari ne da bai gama fita ba, kuma ragowar da ta zauna a mahaifa takan ruɓe ta kawo zazzaɓi mai kisa.

Abin da ke ba mu mamaki shi ne, babu wanda ya kai ɗan kasuwa iya lissafin kwanaki. Mai sayar da tumatir ta san kwana nawa kwando zai yi kafin ya lalace. Mai adashe ba ta taɓa mance ranar zubi ko ranar kwasa. Wanda ya ba da kaya bashi zuwa kasuwa mai zuwa, ko cikin barci ka tashe shi zai gaya maka ranar. To, ita ma wannan magana tana da nata lissafin kwanaki, kuma wanda ya bari suka wuce ba ya mayar da su.

Kwana 3 na farko bayan saduwar su ne mafi tsada. A cikin awa 72 ɗin nan akwai ƙwayar hana ɗaukar ciki ta gaggawa, wadda ake samu a farmasi da wuraren tsarin iyali. Gwargwadon saurin shanta gwargwadon aikinta. Tana iya amfani har zuwa kwana 5, amma ƙarfinta yana raguwa. Aikinta shi ne jinkirta fitowar ƙwai, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ba ta zubar da cikin da ya riga ya shiga. Wadda ta sha ta tana iya ganin ɗigon jini cikin kwanakin da ke biye, al'adarta kuma tana iya gabata ko ta jinkirta kaɗan, don haka kada ta ɗauki ɗigon nan a matsayin al'ada. Ƙwayar ba ta kare kowa daga cuta. Amma a cikin waɗannan awa 72 ɗin akwai wani magani daban na rigakafin Sida, wanda ake sha kullum har kwana 28, ga wadda ke da dalilin jin tsoron an shafa mata cutar. In kwana 3 sun wuce ba a fara ba, wannan ƙofa ta rufe.

Bayan haka sai awon fitsari. Ɗan tsinken awon yana nan a farmasi, kuɗinsa bai kai na ɗinkin atamfa ba, amma yana da lokacinsa. Wadda ta auna kwana 2 ko 5 bayan saduwa ta yi asarar kuɗinta, domin jiki bai fara fitar da alamar da tsinken ke kamawa ba. A auna daga ranar da al'ada ta kamata ta zo ba ta zo ba. Wadda ba ta riƙe lissafin al'adarta ba, ko mai goyo da al'ada ba ta dawo mata ba, ta ƙirga kwana 21 daga ranar saduwar. Fitsarin farko na asuba ya fi. In ya nuna ciki kuma ana ganin jini, a tafi likita a ranar, kada a jira kasuwa ta watse. In bai nuna ba, al'ada kuma ba ta zo ba, a sake bayan sati. Mu ƙara da cewa shayarwa tana hana ciki ne kawai a wata 6 na farko, in yaro nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. Da zarar ɗaya daga cikin waɗannan ya sauya, mace tana iya ɗaukar ciki tun kafin ta ga jinin farko.

Awon Sida shi ma yana da nasa lokaci. Awon gaggawa na ɗigon jini a yatsa ba ya kama cutar a kwanakin farko, don haka ko an auna ba a ga komai ba, a koma bayan wata 3 a tabbatar. Ba mu faɗi haka don tsoratarwa ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2006 ya sami mutum 7 cikin 1000 na manya ɗauke da cutar, na 2012 kuma ya sami 4 cikin 1000, kuma mai shan maganinta yadda ya kamata yana rayuwarsa yana kasuwancinsa. Abin da ya fi yawa a cikinmu, wanda kuma aka fi rainawa, shi ne ciwon sanyi.

A nan za mu juya ga maza, domin ba za mu ɗora wa mata kayan da ba su kaɗai suka ɗaure ba. In an yi maganar saduwa ba kariya, tunanin mutane yakan tafi ga ƴan mata da zawarawa. Gaskiyar magana, yawancin matan da wannan damuwa ke hana barci matan aure ne da ke zaune a ɗakunansu. Alhaji, kai ne mai tafiya. Kai ka san inda ka kwana a tashoshin hanya, matarka ba ta sani ba. Ba mu ce kowane bafatake haka yake ba, Allah ya sani akwai masu kamun kai da yawa. Amma wanda ya san ya yi abin da ya yi, ya sani cewa ciwon sanyi ga namiji yakan fito da zafin fitsari da mugunya, ya sha magani a ɓoye ya yi shiru, alhali ga mace sau da yawa ba ya nuna komai, ko ya nuna ɗan farin ruwa da ɗigon jini kawai. Yana nan zaune shiru yana hawa sama, ya kumbura hanyoyin ƙwai, ya bar musu tabo. Tabon nan shi ne ke tare ƙwai a hanya ya jawo ciki a wajen mahaifa irin na mai kayan miyar da muka ambata, shi ne kuma ke toshe hanyar gaba ɗaya mace ta daina haihuwa. Bayan shekaru sai dangin miji su fara gori, a ce juya ce, a yi mata kishiya, ita ma a shafa mata. Tunjere kuwa, in ya kama mai ciki ba a yi magani ba, yakan kashe ɗan a ciki ko a haife shi da cutar, alhali allurar fenisilin tana warkar da shi.

Shi ya sa idan ma'aikacin lafiya ya ce a zo da mai gida, ba don ya tona wa kowa asiri ba ne. In an yi wa mace magani an bar mijin, ruwa aka zuba a kwando, domin daren farko zai mayar mata da ciwon. A gidan da ke da mata 2 ko 3, kowa sai ya sha, uwargida da amarya da shi kansa mai gidan, a kuma ƙaurace wa shimfiɗa har kwana 7 bayan magani, ko har a gama shan wanda aka rubuta. Kwaroron roba kuma, irin su Foula da ake samu a kantuna da tebura, ba abin kunya ba ne ga magidanci da ke shakkar kansa. Abin kunya shi ne ka kawo wa iyalinka tsarabar da ba su roƙa ba.

Sai maganar masu yawo da magani a tire da bayan keke. Ƴan'uwanmu ne, tare muke neman abinci a kasuwa, amma gaskiya ɗaya ce. Kafso ja da rawaya guda 4 da aka ƙirga maka a tafin hannu, wanda ya sha rana da ƙura tun daga kan iyaka, ba ya warkar da ciwon sanyi. Yana kwantar da alamar ne, ya bar ƙwayar cutar ta ƙara taurin kai, har ranar da za a ba da maganin gaskiya ya kasa aiki. Mafi muni su ne abubuwan da ake sha don a saukar da al'ada: kanwa mai yawa, da jiƙe-jiƙen saiwoyi, da ƙwayoyin da ba a san sunansu ba. In cikin yana wajen mahaifa babu abin da za su fitar, sai dai su ɓata lokaci. In yana cikin mahaifa suna iya ɓalle jinin da ba mai iya tsayar da shi a gida. A tuna kusan rabin matan ƙasar nan da ke shekarun haihuwa suna fama da ƙarancin jini tun asali, ba su da rarar da za su zubar. Kuma ga wadda ta riga ta sha wani abu, jini ya ɓalle, muna roƙonta kada tsoron faɗa ya hana ta zuwa. Kula da mace bayan ɓari aiki ne da asibitocinmu ke yi, ko mene ne sanadin ɓarin. Ta faɗi abin da ta sha, domin da shi za a san yadda za a cece ta.

Akwai alamun da in an gan su ba a jiran gari ya waye, ba a jiran mai gida ya dawo ya ba da izini, ba a kuma jiran a tara kuɗi. Jinin da ke jiƙe ƙunzugu ko auduga cikin awa guda, a sake ya sake jiƙewa. Suka mai tsanani a mara, musamman ta gefe guda. Jiri, ko suma, ko gumi mai sanyi, ko ciwo a kan kafaɗa ga macen da ta yi ɓatan wata. Zazzaɓi tare da ruwa mai wari. Makwabciyar rumfa da ta ga haka ta rufe mata kaya, ta nemi mota, a nufi likita mafi kusa. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura gaba, zuwa asibitin gunduma, ko cibiyar uwa da yaro ta jiha kamar waɗanda ke Maraɗi da Damagaram da Tawa, ko asibitin haihuwa na Issaka Gazobi ga mutanen Yamai.

Ba za mu tsallake ƴaƴanmu ƴan talla ba. Mu ne ke ɗora musu tire mu tura su tasha da gareji da rumfunan maza har bayan magariba. Idan yarinya ta dawo tana ɗingishi, ko aka ga jini a zanenta ba lokacinsa ba, ko ta yi shiru ba kamar yadda ta saba ba, uwa ta ja ta ɗaki ta tambaye ta da lallashi. In wani ya yi mata fin ƙarfi, awa 72 ɗin nan da muka faɗa sun fara tafiya tun daga lokacin. Iyalai da yawa sukan cinye kwanakin nan wajen duka da kuka da taron dangi kan yadda za a rufa asiri, har lokacin maganin ciki da na Sida ya wuce. A fara kai ta likita, sauran magana ta biyo baya.

Su ma hukumomi da ma'aikatan lafiya muna da magana da su. Tsakanin 2005 da 2007 aka ayyana tiyatar haihuwa, da awon ciki, da tsarin iyali, da jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5, da sankarar mata a matsayin kyauta. A 2006 aka kafa dokar lafiyar haihuwa. A watan Agusta na 2024 kuma aka rage kuɗin jinya a asibitocin gwamnati da rabi, aka ce haihuwa kyauta ce. Duk wannan abin yabo ne. Amma binciken 2012 ya nuna mata 535 ke rasuwa a kan kowace haihuwa 100,000, kuma takarda ba ta tsayar da jini. Abin da mace ke bukata shi ne ta tarar da tsinken awon fitsari da ƙwayar gaggawa a likitar ƙauyensu ranar da ta je, ta kuma tarar da wanda zai saurare ta ƙofa a rufe. Mata da yawa sun gaya wa junansu cewa abin da ke hana su zuwa shi ne tambayar da ake jefa musu da ƙarfi a gaban layi: ina mijinki, yaushe kika yi, ke da ba ki da aure me ya kawo ki? Macen da aka kunyata sau ɗaya ba ta komawa, kuma za ta hana goma zuwa. Akwai sajfam masu haƙuri da riƙon amana, muna jinjina musu, muna kuma fatan shugabanninsu su ja kunnen sauran.

Shugabannin ƴan kasuwa da uwayen adashe su ma suna da abin yi wanda ba ya bukatar izinin kowa. Abin da ke riƙe mace a rumfa tana zubar da jini sau da yawa shi ne lissafin cinikin yini da za ta rasa, da zubin da ke jiranta da yamma. In ƙungiya ta amince cewa duk wadda ta tafi likita makwabciyarta za ta tsare mata kaya, a kuma ɗaga mata zubin ranar zuwa kasuwa ta gaba ba tare da an tambaye ta abin da ke damunta ba, an cire mata rabin uzuri. Ana kuma iya gayyatar sajfam ko ma'aikatan ƙungiyar ANBEF su zo ranar taron adashe su yi bayani, mata zalla.

Ke kuma ƴar'uwa, in za ki tafi, ki tafi da abu uku a kanki: ranar da al'adarki ta ƙarshe ta fara, ranar da aka sadu, da ranar da wannan jinin ya fara. In ba ki riƙe kwanan wata ba, ki ƙirga da ranakun kasuwa ko da Juma'o'i, sajfam za ta lissafa. Duk maganin da kika sha, na farmasi ko na tire ko na gargajiya, ki ɗaure kwalinsa ko ragowarsa a bakin zane ki nuna mata.